Kirsimeti a lokacin hunturu: abin da Kiristocin Damagaram ke tunawa a daren 24 ga Disamba

Ranar 25 ga watan Disamba ranar hutu ce a duk faɗin Nijar. Ofisoshin gwamnati a Magariya da Dungas a rufe suke wuni, ƴan lakwal kuma suna gida tun da aka ba da hutun ƙarshen zango na farko. A gari kamar Guci, inda kusan kowa musulmi ne, iyakar abin da mutane da dama suka sani game da ranar ke nan: babu aiki, sai hotunan da ke yawo a wayoyi, na itace mai fitilu da wani tsoho mai farin gemu sanye da jajayen kaya cikin dusar ƙanƙara. Waɗannan hotuna ne suka sa ake ɗaukar Kirsimeti, ko Nowel kamar yadda aka fi faɗa a nan, bikin Turawa ne zalla. Amma wanda ya saurari labarin da Kiristoci ke karantawa a majami'u a wannan dare zai tarar ya fi kama da rayuwar ƙauyukanmu na kan iyaka fiye da ta birnin Paris. Ga bayanin abin da ake tunawa, inda ranar ta samo asali, da dalilin da ya sa sanin hakan ya shafi har wanda ba Kirista ba.

Labarin da ake karantawa

Cikin littattafan Bishara huɗu da ke Sabon Alkawari, biyu ne kaɗai suka kawo labarin haihuwar Yesu Almasihu: na Luka da na Matiyu. Markus ya soma nasa daga lokacin da Yesu ya riga ya girma, Yohanna kuma ya yi bayanin ma'anar zuwansa ba tare da ya ba da labarin haihuwar ba.

A ruwayar Luka, sarkin Roma Augustas ne ya ba da umarnin a ƙidaya jama'a, kowa ya koma garin kakanninsa a rubuta shi. Wannan ya tilasta wa Yusufu, mazaunin Nazarat, ya tashi da Maryamu tana da tsohon ciki zuwa Baitalami, garin Dauda. Tafiyar ta haura kilomita 100, wato ta fi tsakanin Damagaram da Magariya. Suka tarar gari ya cika da baƙi, masauki ya gagara. A haka naƙuda ta zo, komin da dabbobi ke cin abinci ya zama gadon jariri. Waɗanda aka fara sanar wa kuwa makiyaya ne da ke kwana a daji suna tsaron bisashe.

Matiyu ya kawo wani ɓangaren. Wasu masana taurari sun taso daga gabas suna cigiyar jaririn, ɗauke da zinariya da lubban da mur. Sarki Hirudus da ya ji ana maganar haihuwar wani sarki, sai tsoro ya kama shi, ya sa a kashe ƙananan yara maza na Baitalami. Yusufu ya kwashi iyalinsa da dare suka gudu Masar, suka zauna can har sarkin ya mutu.

Abin da mutumin karkara ya riga ya sani

Babu ko ɗaya cikin waɗannan da sai an yi wa mutumin Guci ko Malawa ko Dogo-Dogo dogon sharhi. Tsofaffi sun san cewa a zamanin mulkin mallaka ƙidaya da lanho tare suke tafiya, wanda aka rubuta sunansa shi ake bi haraji. Mata sun san abin da ake nufi da naƙuda ta kama mace a hanya, a kan amalanke, kafin a isa gidan likita. A gidajen karkara kuma garke da ɗakin kwana katanga ɗaya ce ta haɗa su, komi ba baƙon abu ba ne.

Makiyayan ma suna nan. A daidai wannan lokaci ne, bayan an kai gero da dawa rumbu, Fulani ke gangarowa da shanu suna jiran ranar da hukuma za ta ba da izinin sakin gonaki. Su ne ke kwana a fili cikin ɗarin Disamba, lokacin da sanyin dare ke sauka ƙasa da digiri 15, su ne kuma ake fara zargi idan aka yi ɓarna a gona. Masu wa'azin Kirista sukan tsaya a kan wannan gaɓa, su tambayi masu sauraro: me ya sa labari mai girma irin wannan bai fara isa fada ba, ya fara isa wurin mutanen da ba a kiran su shawara?

Gudun zuwa Masar shi ya fi sosa rai. Jihohin Difa da Maraɗi sun shafe shekaru suna karɓar iyalan da rikici ya koro daga Borno da Zamfara da Sakkwato da Katsina. A nan Damagaram kuma ba a manta da watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawansu daga yankin Kance mai maƙwabtaka da Magariya. Uwa da goyo a kan hanyar wata ƙasa, abin da idon mutanen nan ya gani ne.

Ina abin al'ajabin yake?

A aƙidar Kirista, jaririn da aka kwantar a komi ba annabi kaɗai ba ne. Sun yi imani cewa a cikinsa Allah ya ɗauki jikin ɗan adam ya zauna tare da mutane, abin da ya sa ɗaya daga cikin sunayen da suke kiransa shi ne Immanuwel, wanda a Ibrananci ke nufin Allah na tare da mu. Abin da ke ba su mamaki, wanda waƙoƙinsu da wa'azinsu ke ta komawa kansa kowace shekara, shi ne hanyar da aka bi: mai iko duka ya zo a matsayin jariri mai bukatar a shayar da shi, a gidan talaka, a ƙasar da baƙi ke mulka.

Daga nan suke ciro darussan da suka shafi rayuwar yau. Na farko, talauci ba alamar Allah ya yi watsi da mutum ba ne. Na biyu, baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa yana da haƙƙi, tunda an taɓa rasa wa Yesu kansa masauki. Na uku kuma, wanda yake da hali ya sauko ya tarar da maras hali inda yake. Ga iyalin da kakar bana ba ta yi masa kyau ba, ko wanda maigidan ya tafi cin rani bai aiko da komai ba tukuna, wannan saƙo ya fi kowane ado amfani, don yana gaya masa cewa bikin nasa ne ko da babu sabon ɗinki.

Ya kamata a sani kuma, a tsarin ibadar Kirista Kirsimeti ba shi ne babban biki ba. Bikin Paska, wato Ista, wanda suke tuna mutuwa da tashin Yesu, shi ne kan gaba. Kasuwa da talabijin ne suka sa Kirsimeti ya fi shahara a idon duniya.

Me ya sa 25 ga Disamba?

Babu inda Luka ko Matiyu suka ambaci rana ko watan haihuwar. Kiristocin ƙarni na farko da na biyu ma ba su da wannan biki. Shaida mafi daɗewa da ake da ita ta fito ne daga wani kundin kwanan wata na birnin Roma na shekarar 354, wanda ya nuna cewa tun wajen 336 ana tuna haihuwar a ranar 25 ga Disamba.

Masana tarihi suna da bayani iri biyu. Wasu sun ce an zaɓi ranar ne saboda a lissafin Romawa ita ce lokacin da dare ke kai matuƙar tsawonsa, daga nan wuni ya fara ƙaruwa, sai Ikilisiya ta ɗora ma'anar zuwan haske a kanta. Wasu kuma sun ce lissafi ne: an ɗauki 25 ga Maris a matsayin ranar da aka yi wa Maryamu albishir, aka ƙirga wata tara. Ko a yau ba duka Kiristoci ne suka haɗu a rana ɗaya ba. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha suna yin nasu ranar 7 ga Janairu, saboda ba su bi gyaran kalandar da Paparoma Gregori na 13 ya yi a 1582 ba. Armeniyawa kuma 6 ga Janairu suke yi.

A yankinmu ranar ta faɗo a wuri mai kyau ba tare da kowa ya shirya ba. An gama aikin gona, abinci yana rumbu, rake ya nuna a fadamun Korama, ana bukukuwan aure, ƴan kokowa suna fili. Lokaci ne da dama can Bahaushe ke samun sararin ziyara da zumunci.

Itace mai fitilu da tsoho mai gemu

Kayan adon da ake gani a shagunan Yamai da Damagaram daga baya suka shigo. Kwaikwayon garken haihuwa, inda ake jera ƴan mutum-mutumin Maryamu da Yusufu da dabbobi, ana danganta yaɗuwarsa da Faransis na Asisi, wanda ya shirya irinsa a ƙauyen Greccio na Italiya a 1223. Itacen da ake ƙawatawa al'ada ce ta ƙasashen Jamusawa tun ƙarni na 16, inda itacen da bai zubar da ganye ba a tsakiyar sanyi ke zame musu alamar rai. Tsohon mai jajayen kaya, wanda Faransawa ke kira Père Noël, asalinsa wani bishop ne mai suna Nikolas da ya rayu a ƙarni na 4 a garin Mira, cikin Turkiyya ta yau, wanda ya yi suna wajen taimakon matalauta a ɓoye. Siffarsa ta yanzu a Amurka aka ƙera ta, ƴan talla suka yaɗa ta.

Hatta masana taurarin nan, Matiyu bai ce su uku ba ne, bai kuma ce sarakuna ba ne. Yawan kyaututtukan ne ya sa aka ce uku, daga baya aka raɗa musu sunaye, masu zanen Turai kuma suka riƙa zana ɗayansu, Baltazar, a matsayin baƙar fata ɗan Afirka. Duk waɗannan ƙari ne. Majami'ar ƙauye mai rufin kwano da benci shida, wadda ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, ba ta rasa komai na ibadar ba.

Yadda bikin ya iso Damagaram

Mishan ɗin Furotesta na SIM a birnin Damagaram ya fara sauka a Nijar, a 1924. Daga nan ya buɗe tashoshi a wurare kamar Tsibiri da Maraɗi da Dungas, ya kuma kafa asibitin Galmi a 1950. Daga aikinsa ne Ikilisiyar EERN ta fito, wadda yawancin mabiyanta a gabas da tsakiyar ƙasa Hausawa ne, da Hausa kuma suke sujada. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a ciki. Ma'ana, kusan shekara ɗari ke nan ana karanta labarin Baitalami da harshen da ake ciniki da shi a kasuwar Magariya.

Katolika kuwa sun kafa mishan ɗinsu na farko a Yamai a 1931. Tun 2001 jihar Damagaram tana ƙarƙashin bishop na Maraɗi, tare da Tawa da Agadas da Difa, kuma Ambroise Ouédraogo ne ya fara riƙe wannan kujera. Makarantunsu sanannu ne, akasarin ɗaliban da ke cikinsu kuma ƴaƴan musulmi ne.

Ƙidayar jama'a ta watan Disamban 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƴan Nijar ba. A wannan jiha sun haɗa da iyalan Hausawa da suka karɓi addinin tun zamanin mishan, da ma'aikatan da aka turo daga wasu jihohi, da ƴan kasuwa da masu sana'a daga Najeriya da Benin da Togo. A garuruwa ƙanana ana iya ƙirga gidajensu da yatsu, wasu sai sun yi tafiya zuwa babban gari kafin su sami wurin sujada.

Yadda ake yin bikin

A wurin Katolika shiri yana farawa Lahadi huɗu kafin ranar, lokacin da suke kira na jiran zuwan Almasihu, inda ake ƙara addu'a da neman gafara da sadaka. A majami'un Furotesta kuma makonnin na gwajin waƙa ne: ƙungiyar mawaƙa, matasa, da Zumuntar Mata, kowa da nasa. Yara suna haddace ayoyi, ana kuma shirya wasan kwaikwayon haihuwar, inda za ka ga makiyayan da malafa da sanda irin na Fulaninmu, Hirudus kuma da babbar riga da rawani.

Daren 24 ake taruwa a yi karatu da waƙe-waƙe da ganga da kalangu da ƙwarya. Da safen 25 a koma sujada, mata da yawa sanye da zane iri ɗaya. Bayan an tashi sai girki: shinkafa da miya, kaji ko zabbi, mai hali ya yanka akuya ko rago, ga cincin da lemo na yara. Daga nan a shiga ziyarar dangi da marasa lafiya da waɗanda aka yi wa rasuwa cikin shekarar.

Akwai wani ruɗani da ya dace a warware. Shagulgulan da ake yi a mashaya da gidajen rawa a daren 24 da na 31 ga Disamba, waɗanda ke sa wasu kallon lokacin a matsayin na shaye-shaye, ba ɓangaren ibadar ba ne, masu zuwa can kuma daga kowane addini suke. Majami'un da suka fito daga SIM ma hana shan giya suke yi, da yawansu kuma a cikin addu'a suke kwana daren shiga sabuwar shekara.

Inda aka haɗu da inda aka rabu

Musulmi ba baƙo ba ne a wannan labari. Alƙur'ani ya kawo haihuwar Annabi Isa alaihissalam a Suratu Ali Imrana da Suratu Maryam: albishir daga mala'ika, ciki ba tare da namiji ba, naƙuda a gindin dabino, da jaririn da ya yi magana yana cikin tsumma don wanke mahaifiyarsa daga zargi. Nana Maryam ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya ambaci sunanta. Littattafan tarihin Musulunci sun kuma ruwaito cewa lokacin da sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha, wajen shekarar 615, ayoyin Suratu Maryam ne Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta a gaban sarki Najjashi, wanda Kirista ne, sarkin kuma ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa.

Bambancin ma a fili yake, ɓoye shi ba ya taimakon kowa. Kiristoci suna cewa Yesu Ɗan Allah ne. Musulunci ya ce Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, ya kuma kore cewa Allah yana da ɗa. Saboda wannan ne malamai suka saɓa kan taya Kirista murnar ranar: wasu sun hana, wasu sun ga babu laifi idan da niyyar kyautata maƙwabtaka ne. Abin da ba su saɓa a kansa ba shi ne haƙƙin maƙwabci, ko wane addini yake bi, na a kare ransa da dukiyarsa da mutuncinsa.

Abin da Janairun 2015 ya bari

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, makonni uku bayan Kirsimeti, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe zuwa tarzoma a birnin Damagaram. Aka ƙona majami'u da makarantar mishan da cibiyar al'adun Faransa, washegari abin ya bazu zuwa Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu a biranen biyu, ɗaruruwan Kiristocin Damagaram suka fake a barikin soja, gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana uku. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su da hannu a zanen da aka yi a Paris. Abin da ya jawo musu shi ne tunanin cewa Kirista da Bature abu ɗaya ne, tunanin da hotunan dusar ƙanƙara ke ƙara wa ƙarfi kowace shekara. A cikin wannan tashin hankali kuma an sami musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu.

Tun daga lokacin an sake gina majami'u da dama, limamai da fastoci suna zama a kwamitocin tattaunawa tsakanin addinai, jami'an tsaro kuma sukan tsaya a ƙofar manyan majami'u a daren biki. Amma a unguwa, abin da ya fi nuna lafiyar zama tsohuwar al'ada ce da ta girmi duk waɗannan kwamitoci. Ranar Kirsimeti yara suna fita da kwanoni daga gidan Kirista zuwa gidajen maƙwabta, kamar yadda naman layya ke shiga gidan Kirista ranar babbar Sallah. Iyalai da yawa ma musulmi suke kira ya yanka musu dabbar, don kowa ya ci ba tare da shakka ba.

Lokacin bikin yana ci gaba har 6 ga Janairu, ranar da ake tuna zuwan masana taurari. Kafin nan, wanda yake da maƙwabci Kirista a Magariya ko Dungas ko Guci, kuma yake son sanin abin da ake rerawa a bayan katangarsa a daren 24, hanya mafi sauƙi ita ce ya tambaye shi. Da Hausa zai ba shi amsa.